Geron Ubangiji a Rumbun Gado

Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Garin Ƙaura ya san Gado mai amalanke, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙafa, wanda bai iya magana a hankali ba ko a cikin majami'a. In yana tafe da shanunsa biyu, tun daga tsohuwar tashar jirgi za ka ji yana yi musu hira kamar abokan cin tuwo. Sunansa na baftisma Yohanna, amma tun ranar da aka fito da shi daga ruwa ba wanda ya sake kiransa da shi, har matarsa Ladidi.

Ba ɗan Ƙaura ba ne. A Tungar Kaiwa aka haife shi, wani ɗan ƙauye a ƙasar Zurmi, can bayan Birnin Tsaba. Gidajen Kirista a tungar ba su cika yatsun hannu ba, sauran duk Musulmi ne, kuma rijiya ɗaya suke sha. Majami'arsu ɗaki ne guda na laka, ƙararrawarta guntun ƙarfen garma da aka rataye a jikin bishiya. A nan ubansa ya koya masa abin da ya zame masa jini da tsoka. In an yi girbi, cikin dami goma ɗaya na Ubangiji ne. Ba kuma ƙanƙanin ba, ba wanda tsuntsu ya tsattsage ba. Sai a zaɓi mai nauyi, a ɗaura masa jan tsumma, a jingine shi gefe har ranar godiyar kaka. Maƙwabta ba su ga wani abin mamaki a ciki ba, don su ma a bakin gona suke fid da zakkarsu.

Mutanen tungar suna da wani gero nasu da suke kira ɗan Tunga. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da tsawon da za a yi alfahari da shi a kasuwa, amma yana nuna da wuri. Lokacin da rumbunan ƙauyukan kewaye suka yi fayau, ana ta haɗa tafasa da ɗan gari ana kwana, su 'yan Tunga sun fara gasa tumu, wato sabuwar zangarniya da ake babbakawa a wuta a murje a ci. Furarsa kuwa tana da wani ƙanshi da ba a iya kwatanta wa baƙo.

Shekarar da zaman daji ya gagara, an gama girbi ke nan, ba a kai ga godiyar kaka ba, aka ce kowa ya tashi. Gado ya jawo amalanke ƙofar gida. Ladidi tana ta fito da tukwane da tabarmi da gadonta na aure, sai ta waiwaya ta ga maigidan ya riga ya cika amalanken da dammunan jan tsumma. Ta tambaye shi ina za a sa kayan mutane. Ya ce kayan Mai kowa ne za su fara hawa, in wuri ya ragu sai na bayinsa. Wuri bai ragu ba sai na tukunya biyu da ita kanta. Gadon ya kwana a tsakar gida, geronsu na ci ya kwana a rumbu, kuma ba su sake ganin ko ɗaya ba. Har yau in Ladidi tana son ta tsokane shi a gaban baƙi, cewa take yi ita ce matar da aka fi son gero a kanta.

A Ƙaura suka sami ɗaki biyu da ɗan fili a bayan majami'ar Sabon Gari. Kafin Gado ya gyara rufin ɗakin kwana, ya kwaɓa laka ya gina ɗan rumbu a kan duwatsu, ya jera dammunan a ciki, ya liƙe bakinsa, ya kifa masa hular ciyawa. Faston wurin ya ce ai ana iya kawo su godiyar kakar nan, duk gidan Ubangiji ɗaya ne. Gado ya ce a'a. Wannan gero da sunan majami'ar Tunga aka ɗaure shi, kuma a gaban bagadinta zai sauke shi ranar da aka koma. Fasto mutum ne mai haƙuri, ya ga yadda idon dattijon ya kawo ruwa, sai ya bar maganar.

Gona ba ta samu ba, sai amalanke ya zama gonar. Yashi, bulo, buhunan gyaɗa, jarkokin ruwa, kayan amarya, duk abin da shanu za su iya ja Gado yana ɗauka. Da yake ba dami a wannan sana'a, sai ya ƙirƙiro nasa tsarin. Cikin sawu goma, ɗaya sawun Ubangiji ne. In ya faɗo a kan mai hali, kuɗin ya wuce aljihun dama, wanda hannunsa ba ya shiga sai ranar Lahadi. In ya faɗo a kan wata tsohuwa mai itace, to ta hau kyauta ita da itacenta. Matan unguwa suka gane, har wasu sukan laɓe a bakin hanya suna tambayar juna ko sawu na nawa yake. Shi kuwa ya san da su, dariya kawai yake yi.

Ba ya cin bashi, ba ya sayen abin da bai riƙe kuɗinsa a hannu ba. Dusar shanu tana gaba da naman miya, don a cewarsa su ne ma'aikatan gidan. Ladidi ta kafa tanda tana gasa hoce da safe, tana zuba adashe da matan zumuntar majami'a, da haka suka sayi katifa, daga baya har da gado, ko da yake ta ce bai kai na da ba. Talauci dai bai sake su ba, amma bai taɓa kwana da su da yunwa ba. Abu ɗaya ne Gado bai taɓa ba, ko a watan da ciwo ya kwantar da sa guda har suka koma kunu safe da yamma. Rumbun nan ko kallon sha'awa bai yarda a yi masa ba. Kullum da safe sai ya zagaya shi, ya duba ko gara ta hau, ya shafa jikinsa, sa'an nan ya ɗaura wa shanu karkiya.

Damuna ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har wata, ba a koma ba.

Ana cikin haka, da bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa baƙi, sai ga Idi. Idi abokin Gado ne tun suna kiwon awaki, Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Tunga. Shi Shinkafi ya nufa da aka watse, daga baya ya dawo wurin surukinsa a Banga, nan kusa da Ƙaura. Suka rungume juna a tsakar gida suna ta buga bayan juna, Ladidi ta kawo hoce da ruwa, aka yi ta lissafin wanda ya mutu da wanda ya aurar. Sai da aka natsa Idi ya faɗi abin da ya kawo shi. Surukinsa ya ba shi aron gona babba a hanyar Banga, kusa da gari, inda ake iya zuwa a dawo da rana. Ya zaga Shinkafi, ya zaga Zurmi, ya tambayi duk ɗan Tungar da ya sani, ba wanda ya tsira da irin ɗan Tunga. Wanda ya fito da kaɗan ya cinye shi a shekarar farko. Yana magana idonsa yana kan rumbun.

Gado ya ji kamar an taka masa ƙafa. Ya ce da nasa ne, da Idi ya kwashe har da rumbun. Amma ba a kyauta da kayan wani, ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa. Amana aka ba shi. Idi bai yi gardama ba, don ya san abokinsa, in ya kafe ko shanunsa ba sa ja da shi. Ya dai ce iri ba ya jiran mutum, yana da nasa kwanakin, sa'an nan ya hau babur ɗin da ya kawo shi ya tafi. Ranar nan Ladidi ba ta tsokani kowa ba. Ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki, shi kuma ya ci ba tare da ya ji daɗinsa ba.

Ruwan farko ya sauka a makon nan, mai ƙarfi, har ya cika kwatoci. Bayan 'yan kwanaki Gado ya fito zagayensa na safe, ya durƙusa zai duba gara, sai ya ga abin da ya tsayar da shi. Ashe ɓeraye sun daɗe da huda wata 'yar kafa a gindin rumbun, ƙwayoyi suna zubowa tsakanin duwatsu. Ƙasan wurin duk gero ne, ya jiƙa ya kumbura. A cikin wannan tarin, tsiron da ya fito bai fi a ƙirga da ido ba, sirara, kore shar, sun karkato suna neman rana. Sauran sun yi baƙi sun ruɓe.

Ya daɗe a durƙushe. Manomi ne, ba ya buƙatar a fassara masa. Geron da yake gadi yana mutuwa a hannunsa, a hankali, cikin rumbun da ya gina don ya tsare shi. In aka ƙara damuna ɗaya, abin da zai kai gaban bagadin Tunga tuwo ne kawai, ɗan Tunga kuwa ya ƙare a duniya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar gudu. Ya ƙwala wa Ladidi kira, ta fito da gari a hannu, ta leƙa, ta ce shi dai geron ya gaji da jiran izini, ya fara shuka kansa.

Ko hula Gado bai tsaya ɗauka ba, ya faɗa gidan fasto ya same shi yana karyawa. Ya zayyana masa komai a tsaye, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Damuwarsa ɗaya ce, wa zai ba shi izini? Kayan ikilisiyar Tunga ne, ikilisiyar Tunga kuwa ba ta nan.

Fasto ya ajiye kofinsa ya tambaye shi dattawa nawa ne a ikilisiyar Tunga. Gado ya ce su uku ne, ɗaya ya rasu a Gusau, ɗaya ya bi ɗansa Kudu ba a jin ɗuriyarsa.

"To Baba Gado," in ji fasto, "ga dukan dattawan Tunga nan tsaye a gabana ba hula. Ku zauna ku yi shawara, abin da kuka yanke sai ku faɗa mini."

Sai Gado ya gane. Shekara da shekaru yana jiran umarni, ashe shi ne mai bayarwa. Dariya ta kece masa, irin wadda take zuwa da hawaye, ya ce an yi taron an tashi. Ba kyauta za a yi ba, ba sayarwa ba. Gero na Ubangiji ne, to za a yi masa gona, su kuma duk su zama 'yan ƙwadagonsa.

Kafin azahar ya isa Banga a bayan ɗan acaɓa, yana ta zungurinsa ya ƙara wuta. Ya tarar da Idi yana gyaran sungumi. Ya faɗa masa sharaɗin, ya kuma tambaye shi, da ɗan ɗari-ɗari, ko ba zai ji nauyin noma kayan majami'a ba.

Idi ya dube shi sama da ƙasa. "Gado, wanda kaka fid da ma dami, shi nika fid da ma nawa. Tun muna ɗiya mun san Mai shi. Kai dai kawo hatsi, ƙasa na shan iska."

Labari ya bazu kamar an yi shela. Washegari da hantsi gidan Gado ya cika. Ya hau tsani da kansa, ya ɗage hular rumbun, ya sa gatari ya fasa lakar da ya liƙe da hannunsa. Da ƙanshin ya bugo shi sai da ya riƙe tsanin da kyau. Ya riƙa miƙo dammunan ɗaya bayan ɗaya, jan tsummansu ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Matan zumunta suka jera turame suka hau sussuka, suna waƙa, wata tana buga tulu, taɓare suna sauka tare. Matan 'yan Tunga da suke zaune a wasu unguwanni suka zo da fayafayansu, da lulluɓinsu, suka kama sheƙa. Wasu ba su ga juna ba tun ranar tashi. Aka yi ta kuka ana dariya ana tambayar yara, ƙaiƙayi yana tashi yana sauka a kan kowa.

A nan aka sami saɓani na ƙarshe. Gado ya so a raba biyu, a shuka rabi a mayar da rabi rumbu, ko da abin ya ƙi. Idi ya ɗebi ƙwayar ya murza a tafin hannu ya girgiza kai. Ya ce iri ya tsufa, in aka jefa shi yadda aka saba gonar za ta fito kamar kan mai sanƙo. Sai an ninka a kowane rami, har a ƙara, ninkawar kuwa za ta cinye shi duka. Gado ya dubi buhunan, ya dubi rumbun da ya zama fanko. In aka zuba duka a ƙasa bai tsiro ba, ya binne amanar da aka ba shi, ba iri ba tuwo, ba abin da zai nuna. Ya dubi Ladidi. Ta ce mutumin da ya bar gadonta saboda geron nan, ba yau zai fara rowar sa ba. Ya ce a ɗora duka.

Ranar shuka amalanken Gado ne a gaba, buhuna a kai, shi a tsaye yana yi wa shanu kirari, mutane a baya da sungumi da ƙorai, wasu a ƙasa wasu a kan babura. Masu shaguna suka fito suna tambaya ko biki ake. A gona maza suka jeru suna sara, mata da sauran suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Fasto ya naɗe wando ya shiga layi, saransa duk a karkace, Idi yana binsa yana gyarawa. Da lokacin salla ya yi Musulmi suka koma gindin wata bishiya, Kirista suka ci gaba, da suka dawo su kuma suka karɓa. Kafin la'asar ba sauran ƙwaya ko ɗaya. Gado ya kakkaɓe buhu na ƙarshe a kan ramin ƙarshe, ya ninke shi ya saɓa a kafaɗa.

Sai sama ta ɗauke.

Rana ta riƙa fitowa tas, tana faɗuwa tas. Gado ya daina yi wa shanu hira. Da safe ƙafarsa takan kai shi wurin rumbun bisa sabo, ya tsaya ya ga bakinsa a buɗe, ya juyo. In yana tafe da kaya, wuyansa yana gabas, har ya taɓa sauke wa wani yashi a ƙofar maƙwabcinsa. Ranar Lahadi ya zauna a majami'a shiru, abin da ya sa mutane suka riƙa waiwayowa suna duba ko lafiya. Addu'arsa ta koma gajeriya. Yakan ce, kayanka ne, na mayar maka inda ka saba karɓa, in na yi wauta ni za ka tuhuma, kada ka tuhumi mutanen nan.

Ruwan ya zo da wata yamma, ba iska ba tsawa, ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba. Gado ya fito tsakar gida ya tsaya a cikinsa har Ladidi ta ce in ya kwanta ciwo ita ba ta jinyar gangan. Da kyar ya daure 'yan kwanaki, sa'an nan ya ɗaura shanu, ya ɗora ta a amalanke ba kaya ba komai, suka kama hanyar Banga. Tun daga nesa ya hango Idi a bakin gona yana ɗaga hula yana kaɗawa. Gado ya dire kafin shanun su tsaya, ya ruga da gajerun ƙafafunsa.

Ya fito. Ba duka ba, akwai gurabe nan da can inda ƙasa ta yi shiru, amma layukan suna nan, kore, daga ƙafarsa har inda gonar ta ƙare. Ya bi layi ɗaya da gudu, ya dawo ta wani, yana sunkuyawa yana gaishe su kamar baƙin da suka sha hanya. Idi ya ce a cike guraben da dashe in an zo tsuge, wato rage tsiron da ya yi yawa a rami, Gado ya ce a yi duk abin da za a yi, shi dai a bar shi ya kalla.

Abin da ya biyo baya kowa a Sabon Gari ya sani. An yi noma, an yi maimai, an yi girbi tun geron maƙwabta bai gama fid da kai ba. An zaɓi zangarniyoyi mafiya kyau an aika wa kowane gidan 'yan Tunga da aka san inda yake, a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, Musulmi da Kirista, a kan in ya girbe shi ma ya ba wani. Sauran ya shiga majami'ar Sabon Gari ranar godiyar kaka, sawu bayan sawu, daga can ya wuce gidajen gwauraye da 'yan gudun hijira. Rumbun yana nan, ana zuba iri a ciki daga kaka zuwa shuka, amma Gado bai sake liƙe bakinsa da laka ba. Tunga kuwa har yau ba a koma ba.

Sai dai in ka zauna da shi, ba ranar godiyar yake ba da labari ba. Wata rana yake faɗa, kafin girbi, da suka je duba gona shi da Ladidi suka tarar Idi ya hura wuta a gindin bishiya. Ya karyo zangarniya uku da suka fara nuna, ya babbaka su, ya murje ɗaya a tafin hannu, ya hure, ya miƙa wa Gado.

Gado ya mai da hannunsa baya. Shekarun nan duka ko ƙwaya ɗaya ta geron nan ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Ya ce ai ba nasa ba ne.

"Awo, ba naka na ba," in ji Idi. "Amma kai kac ce mu 'yan ƙwadago na. Ina ka taɓa ganin mai gonar da ya hana ma ɗan ƙwadago abincin rana? Amshi, shina hucewa."

Ya karɓa. Ya zuba a baki, da zafinsa da ƙaurin hayaƙinsa, ya tauna. Nan take ya ga rijiyar, da bishiyar da aka rataye ƙarfen, da ubansa yana ɗaura jan tsumma. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, bai kuma daina taunawa ba. Ladidi, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Da ya haɗiye, sai ya sake miƙa hannu.